Gurbin da ba ya karɓar uzuri: daga malaman taki zuwa sikimar XML

A ɗauki wani dattijo a garin Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, wanda aka haifa kafin samun mulkin kai, kuma bai taɓa sauya gida ba. Ƙofar zaurensa tana inda take, gonarsa tana inda ya gaje ta. Duk da haka, amsar da takardar hukuma ke karɓa daga gare shi idan an tambaye shi inda yake ta sauya sau da dama. A 1960 mutumin Lardin Kano ne a Jihar Arewa. A watan Mayun 1967 ya zama ɗan Jihar Kano. Gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi. A 1991 Dutse, da ke can gabas da shi, ta bar Kano ta zama hedikwatar Jigawa. A 2019 an ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka soke dokar, bayan wata biyu aka dawo da ita a mataki na biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Ko kuɗin aljihunsa bai tsira ba: fam da sule ya sani, sai a ranar 1 ga Janairun 1973 aka ce naira da kwabo.

A zamanin takarda da alƙalami, irin wannan sauyi ba ya hana aiki, domin akawu yakan soke ya gyara. Yau mafi yawan bayananmu na'ura ce ke karɓa, ita kuwa na'ura tana riƙe da jerin amsoshin da aka yarje mata. Abin da ba ya cikin jerin, a wurinta babu shi. Wannan rubutu tarihin wannan jeri ne: yadda ya taso, yadda ya samu harshen da ake rubuta shi da shi, da dalilin da ya sa ya kamata likita da lauya da ma'aikacin banki su damu da wanda ke tsara shi.

Lokacin da takarda ke da gefe

Kasa jama'a da dukiyarsu cikin rukunai ya girmi zuwan Turawa. Masarautar Kano ta ƙarni na 19 tana da harajinta daki-daki: zakka a kan hatsi, kuɗin ƙasa, kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona, kuɗin karofi a kan marina, jangali a kan shanu. Kowane suna rukuni ne, kuma wanda ya san rukunin da za a saka ka ya san abin da za ka biya.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun tarar da wannan tsari, sai suka mayar da shi cikin littattafai masu layuka. An fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, aka kafa Baitulmali, aka kuma shigo da awon gonaki da taku, wanda ya haifar da ma'aikatan da aka sani da malaman taki. Aikinsu shi ne su auna gona, su rubuta sunan mai ita da girmanta, a yanka mata haraji. A nan manomin karkarar Kano ya fara gamuwa da gurbi: ɗan fili a kan takarda wanda aka riga aka yanke irin abin da zai shiga cikinsa.

Wannan littafi yana da illarsa, kuma babba ce. Alƙalamin yana hannun mutum, shi kuwa mutum yana iya ƙara taku ga wanda bai gaishe shi ba, ya rage wa wanda ya cika masa hannu. Ƙorafi a kan haraji ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan siyasar NEPU da PRP, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano bayan hawansa mulki a 1979. Amma littafin yana da wani abu guda da muka rasa daga baya, wato gefe. Idan gona ta 'yan'uwa uku ce da ba su raba gado ba, ko mai ita ya tafi cin rani, malamin yana iya rubuta bayani a gefen shafi. Abin da bai dace da gurbi ba yana da wurin fakewa.

Ƙidayar jama'a ta nuna ɗaya fuskar lamarin. A ƙidayar 1963 an tambayi addini, amsoshin kuwa aka tattara su gida uku: Musulmi, Kirista, da sauransu. Maguzawan ƙasar Kano, da dogon tarihinsu da al'adunsu, suka narke cikin kalma ɗaya ta ƙarshe. A ƙidayar 1991 da ta 2006 kuma an cire tambayar addini da ta ƙabila baki ɗaya, saboda tsoron rigimar da alƙaluman za su tayar. Darasi biyu ke nan: jerin amsoshi yana iya haɗiye mutane, rashin gurbin kuma yana iya hana ƙasa sanin kanta. Duka biyun shawara ce da wasu suka zauna suka yanke.

Harshen da na'urori suka amince da shi

A can wata duniyar, a 1969, ma'aikatan kamfanin IBM uku, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suna fama da wata matsala: yadda za a sa kwamfutoci daban-daban su karanta takardun shari'a iri ɗaya. Dabarar da suka fito da ita ita ce a riƙa lika wa kowane yanki na rubutu alamar da ke faɗin ko shi mene ne: wannan take ne, wannan sakin layi ne, wannan suna ne. Sun kira ta GML, haruffan da suka yi daidai da farkon sunayen su ukun. Daga ita aka gina SGML, wadda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da ita a 1986. HTML da Tim Berners-Lee ya gina shafukan intanet da shi a farkon shekarun 1990 daga wannan gida ya fito.

SGML tana da ƙarfi, amma tana da nauyi da sarƙaƙiya. Saboda haka wani kwamiti na ƙungiyar W3C, ƙarƙashin jagorancin Jon Bosak, ya tace ta ya fitar da XML, wanda aka tabbatar a ranar 10 ga Fabrairun 1998. Abu biyu suka sa ya yaɗu kamar wutar daji. Na farko, kowa na iya ƙirƙirar sunayen gurabensa. Na biyu, an gina shi a kan Unicode, don haka yana ɗaukar haruffan harsunan duniya, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ namu, da ma rubutun ajami.

Sai dai 'yancin ƙirƙirar suna shi kaɗai hargitsi ne. Idan banki ya aika saƙo, dole ɗaya bankin ya san guraben da zai tarar da abin da ya halatta a cikinsu. XML ya gaji wata hanyar bayyana wannan daga SGML, mai suna DTD, amma tana da rauni: ba ta iya cewa abin da ke cikin wannan gurbi lallai lamba ce, ko kwanan wata ne, ko kada ya gaza sifili. Wannan giɓi ne ya sa W3C ta fitar da XML Schema a ranar 2 ga Mayun 2001, abin da ake taƙaitawa XSD. Mu kira shi sikima. Sikima takarda ce da ke tsare ƙofar sauran takardu: duk saƙon da ya zo sai an gwada shi da ita, idan ya saɓa ko da harafi ɗaya ne a mayar da shi.

Gurbi, sifa da iyaka

Abubuwa uku ne jigon wannan aiki, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya riga ya san su. Idan dillali ya ce maka "gero arba'in", bai gama magana ba. Arba'in ɗin me? Mudu, tiya, ko buhu? Ga yadda za a rubuta cikakkiyar maganar:

`<gero awo="tiya">40</gero>`

Kalmar gero ita ce gurbin. Lamba 40 ita ce abin da aka zuba a ciki. Awo kuma sifa ce, wato ƙarin bayanin da ke manne da gurbin yana ba lambar ma'ana. Aikin mai tsara sikima shi ne ya sa iyaka a wurare biyu: lambar kada ta zama ƙasa da sifili, sifar kuma kada ta fita daga jerin ma'aunan da aka amince da su, sannan ba a yarda a bar ta babu komai ba.

A nan ne akwai wani ƙulli da ke kayar da masu koyo. XSD ya raba nau'o'in bayani gida biyu: sassauƙa, wanda ƙima ce zalla ba ta ɗaukar sifa, da haɗaɗɗe, wanda ke iya ɗaukar sifa. Haka kuma hanyoyin fitar da sabon nau'i daga tsoho biyu ne: ƙuntatawa, wato rage abin da ya halatta, da faɗaɗawa, wato ƙara wani abu. Wanda ke son gurbi mai ƙuntatacciyar ƙima kuma mai sifa yana neman duka biyun ne, ƙa'idar kuwa ba ta yarda a yi su a taki ɗaya daga nau'in asali ba. Sai an bi mataki biyu. Da farko a ƙera sassauƙan nau'i a ba shi suna:

```
<xs:simpleType name="Adadi">
  <xs:restriction base="xs:decimal">
    <xs:minInclusive value="0"/>
  </xs:restriction>
</xs:simpleType>
```

Haka za a yi wa nau'in Awo, a jera masa mudu da tiya da buhu. Sannan a ɗora sifa a kan abin da aka ƙera:

```
<xs:complexType name="Hatsi">
  <xs:simpleContent>
    <xs:extension base="Adadi">
      <xs:attribute name="awo" type="Awo" use="required"/>
    </xs:extension>
  </xs:simpleContent>
</xs:complexType>
```

Kamar tela ne: sai ya yanka yadi daidai jiki kafin ya ɗinka aljihu. Wannan zagaye na cikin abubuwan da suka sa wasu masana suka ga XSD ya cika wahala. James Clark da Murata Makoto sun fitar da RELAX NG a 2001 a matsayin hanya mafi sauƙi, Rick Jelliffe kuma ya ƙirƙiro Schematron don dokokin da ke haɗa gurbi da gurbi. Irin waɗannan dokoki suna da muhimmanci a wurinmu. Kademi mazaɓa ce halattacciya, Ajingi ƙaramar hukuma ce halattacciya, amma haɗa su a takarda ɗaya kuskure ne, domin Kademi ta Gaya ce. Sigar farko ta XSD ba ta da hanya mai sauƙi ta kama wannan. Sai a siga ta 1.1, a 2012, aka ƙara damar rubuta sharuɗɗa irin waɗannan.

Inda abin ya iso gida

Mai karatu na iya cewa wannan hirar injiniyoyi ce. To, a duba saƙon kuɗi. Ma'aunin ISO 20022, wanda aka fara fitarwa a 2004, yana bayyana saƙonnin bankuna da sikimar XML, kuma gurbin adadin kuɗi a cikinsa shi ne ainihin misalinmu na gero. Lambar ba ta sauka ƙasa da sifili, ba ta wuce lambobi 18, kuma tana ɗauke da sifa ta dole mai manyan haruffa uku da ke faɗin irin kuɗin: NGN ga naira, XOF ga sefar da ake kashewa a Maraɗi. Dubu biyar ba tare da wannan sifa ba, ba kuɗi ba ce, lamba ce kawai. A watan Agustan 2025 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su koma wannan ma'auni, a watan Nuwamban shekarar kuma SWIFT ta rufe wa'adin amfani da tsohon salon saƙon biyan kuɗi tsakanin ƙasashe. Ke nan tsarin da ke bayan mai POS a bakin kasuwa yana ta komawa kan wannan harshe, ko shi mai POS ɗin ya sani ko bai sani ba.

Misali na biyu ya fi taɓa rai. Manhajar ODK, wadda ta samo asali a Jami'ar Washington a 2008, ita ce ma'aikatan lafiya da masu bincike da dama ke cike fom da ita a wayoyinsu, an kuma yi amfani da ita sosai a yaƙi da cutar shan inna a Arewa. Fom ɗinta a ƙarƙashi XML ne, ya dogara da ma'aunin XForms, kuma cike yake da ƙayyadaddun jeri: zaɓi ƙaramar hukuma, sai mazaɓunta su fito, zaɓi mazaɓa, sai ƙauyukanta su fito. Amfanin wannan a fili yake, domin ba za a samu sunan ƙauye ɗaya da rubutu iri biyar ba. Amma tarihin rigakafin ya koyar da cewa jeri ba ya fin wanda ya rubuta shi sani. Lokacin da aka fara gwada taswirorin hannu da hotunan tauraron ɗan'adam a Kano da maƙwabtanta, an gano ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin tsarin aikin kowace tawaga. Yaron da ƙauyensu ba ya cikin jeri, babu wanda zai lura an tsallake shi, tunda a lissafi babu ƙauyen. Gyaran waɗannan jeri yana cikin abubuwan da suka taimaka har Kano ta ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a watan Yulin 2014, a ƙaramar hukumar Sumaila, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a ranar 25 ga Agustan 2020.

Sunan da na'ura ta ƙi

Akwai wata gwaggota da na taɓa raka yin wata rajista. Sunanta yana da ɗaurin nan na sama da ake sa wa irin su Sa'adatu da Asma'u, sunan mahaifinta kuma yana da ƙ. Na'urar ta ƙi duka biyun. Ma'aikacin, yaro mai ladabi, ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, sai dai mu rubuta yadda za ta karɓa." Aka cire ɗaurin, aka miƙe lanƙwasar. Da aka zo ranar haihuwa ta ce ita dai an gaya mata da kaka aka haife ta, shekarar da aka yi fari. Sai aka rubuta 1 ga Janairu. Ta fita da shaida a hannu, mai ɗauke da suna da ranar da ba nata ba, kuma daga ranar duk wata takarda tata dole ta yi biyayya ga wannan.

Laifin ba na XML ba ne, domin kamar yadda aka faɗa, yana ɗaukar haruffanmu. Wani ne ya zauna ya rubuta ƙa'idar da ta ce suna shi ne haruffan A zuwa Z kawai, alhali harshen sikima yana da alamar da ke nufin kowane harafi na kowane harshe. Bambancin 'yan haruffa ne a layi ɗaya, amma a Hausa shi ne bambancin ƙafa da kafa, da na ɓata da bata.

Haka batun gurbin sunan iyali, wanda kusan kowane fom ke tilastawa. Bahaushe a al'adance yana da sunansa da na mahaifinsa, sai laƙabi ko sana'a. Makarantar boko ce ta sa da yawa suka ɗauki sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Kabiru Gaya. Mutum ɗaya yana iya sa sunan uba a fom ɗin makaranta, sunan kaka a banki, sunan gari a wurin aiki, kuma bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Da aka zo haɗa BVN, wadda aka ƙaddamar a 2014, da NIN da layukan waya, sai waɗannan amsoshi na gaskiya suka zama saɓani, jama'a suka cika harabar kotuna suna rantsuwar gyaran suna.

Abin da tarihin ke koyarwa

Ba a nan ake cewa a bar gurabe a sake ba. Lambar NIN da ta BVN lambobi 11 ne, lambar asusun banki 10 ce, kuma ƙa'idar da ke mayar da wadda ta gaza tana ceton dukiyar mutane kullum. Abin da ba ya jurwayen fassara, a ɗaure shi tam. Tambayar ita ce wane abu ne ya cancanci ɗauri.

Dattijon Kademi ya ba mu amsa ta farko: jerin wurare yana da shekaru, yana tsufa. Tsarin Mulkin 1999 ya jera sunayen ƙananan hukumomi a jadawalinsa na farko, 44 daga ciki na Kano, don haka suna da ɗan tabbas. Mazaɓu da masarautu da ƙauyuka kuwa sun fi saurin motsi. Mai hikima ba ya binne irin wannan jeri a cikin sikima, yakan ajiye shi daban, ya ba kowane wuri lambar da ba ta sauyawa, ya rubuta ranar da ya fara aiki da ranar da ya daina. Masu tsara saƙon banki sun fahimci haka, shi ya sa suka tanadi nau'in da ke karɓar kuɗin da ake kashewa yanzu da wanda aka daina, don tsohuwar takarda kada ta zama ƙarya.

Amsa ta biyu daga gwaggo take: a bar wa rashin sani gurbi. Sifa guda da ke cewa wannan ranar haihuwa ƙiyasi ce ta fi dubban 1 ga Janairu gaskiya, kuma za ta hana mai bincike na gobe ɗaukar ƙiyasi a matsayin tabbas. Idan kuma an sa zaɓin "sauransu", a buɗe masa filin rubutu, a kuma sa wanda zai riƙa karanta abin da ke taruwa a ciki. Wannan shi ne gefen shafin malamin taki, an dawo da shi ba tare da son ransa ba.

Amsa ta uku tamu ce, mu da ke zama a kwamitocin ma'aikatu da asibitoci da bankuna. Ranar da aka kawo samfurin fom don a sa hannu, akasari ido yana kan launi da tambari da kuɗin kwangila. Jerin zaɓuɓɓukan da ke ƙarƙashi kuwa a bar wa ɗan kwangila, wanda wataƙila bai taɓa jin ana auna gero da tiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar an tara bayanan mutum miliyan a kan gurguwar ƙa'ida, gyaranta ya zama aikin shekaru. Kafin a sa hannu, a nemi ganin jerin. A gwada shi da sunan Ɗanladi da na Sa'adatu, da matar da ba ta san ranar haihuwarta ba, da rugar da ke bayan Kademi wadda ba ta kan taswira. Idan ya karɓe su yadda suke, a sa hannu.